Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: Bayanin Surar Sarki Iban Na Rasha Da Ɗansa

 

A birnin Masko na ƙasar Rasha akwai wani babban gida na ajiye zane-zane, ana kiransa gidan Tiretiyakof. Cikin dubban surorin da ke wannan gida akwai wata guda wadda ba ta daina ta da hankalin mutane ba tun ranar da aka fara nuna ta, cikin shekara ta 1885. Wani sarki ya taɓa hana a nuna ta ga jama'a. Wani mutum ya yayyanka ta da wuƙa cikin 1913, wani kuma ya maka mata sandar ƙarfe cikin 2018. Alhali kuwa ƙyallen lilin ne aka shafa masa launin da aka dama da mai. Tsayinta ƙafa 6 da rabi, faɗinta ƙafa 8 da inci 4, kuma mutum biyu ne kaɗai cikinta, tsoho da saurayi, suna ƙasa bisa darduma. Ya kamata a bincika abin da ke cikin fuskokin nan biyu har sarki ya ji tsoronsu, talaka kuma ya kasa jure kallonsu.

Kafin a shiga bayani sai a ambaci hukunci, domin masu karatu ma'abota ilmi ne. Malaman Malikiyya sun rarrabe tsakanin surar mai rai wadda ke da inuwa, kamar gunkin da aka sassaƙa da cikakkun gaɓoɓi, wadda suka haramta, da surar da aka zana bisa takarda ko tufa, marar inuwa, wadda suka sanya cikin babin karhanci. Wasu malamai na wasu mazhabobi sun tsananta fiye da haka. Wannan bayani bai shafi fatawa ba, fatawa tana ga ma'abotanta. Abin da ake nufi shi ne a san yadda masu wannan sana'a ke nuna raunin ɗan Adam da tashin hankalin zuciyarsa, tun da yake surori sun cika jaridu da wayoyi, kowa yana ganinsu ko yana so ko ba ya so. Karatun fuska kuwa ba baƙon abu ba ne a nan. Dillali yakan gane mai sayarwa saboda matsuwa tun kafin ya buɗe baki, alƙali yakan lura da hannun mai shaida in yana rawa, malami yakan san almajirin da bai yi tilawa ba daga yadda ya riƙe allo. Malamai suna kiran wannan firasa, Hausawa kuma suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Fasali na farko: Sarkin da ɗansa

Sarkin da aka zana shi ne Iban na 4, wanda aka haifa cikin 1530. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara 3, uwarsa ta bi baya cikin 1538, ya tashi maraya a tsakiyar manyan fada masu gasar mulki. Daga baya shi da kansa ya rubuta cikin wata wasiƙa cewa a kwanakin nan ba a kula da cinsu ko suturarsu ba, shi da ƙanensa, manya kuwa suna ɗibar taskar ubansu. Cikin 1547 aka naɗa shi da laƙabin Sar, watau Ƙaisar da harshensu, shi ne sarkin Masko na farko da aka naɗa da wannan suna. Ya ci Kazan cikin 1552, ya ci Astarakan cikin 1556, dukansu biranen Musulmin Tatar ne a kogin Bolga. Ana yi masa laƙabi da Gurozni, kalmar da ta fito daga sunan hadari mai tsawa, ma'anarta mai ban tsoro.

Matarsa ta fari, Anastasiya, ta rasu cikin 1560, ya zargi manyan fada da ba ta guba, daga nan zato ya ci zuciyarsa. Cikin 1565 ya kafa wata runduna tasa ta kansa, masu baƙaƙen tufafi, ya sake su bisa duk wanda yake tuhuma. Cikin 1570 ya kai su birnin Nofgorod, garin fatake ne na ƙasarsa, aka kashe dubban mutane saboda zargin cin amana.

Magajinsa shi ne ɗan Anastasiya, shi ma sunansa Iban, an haife shi cikin 1554. Cikin watan Nuwamba na 1581, daidai da shekara ta 989 ta Hijira, zamanin da Mai Idris Alauma ke sarautar Barno, uba da ɗa suka sami saɓani a wani gari arewa maso gabas da Masko, inda sarkin ya mai da fadarsa. Akwai riwaya biyu a kan dalilin faɗan. Ta farko ta fito daga Fosebino, jakadan Fafaroma, wanda ya zo Masko 'yan watanni bayan abin ya auku. Ya ce sarki ya iske matar ɗansa, tana da ciki, ba ta sa tufafin da suka dace ba, ya buge ta, cikin ya zube, da mijin ya zo yi wa ubansa magana sai uban ya maka masa sandarsa mai bakin ƙarfe a gefen kai. Riwaya ta biyu ta ce ɗan ya nemi a ba shi runduna ya je ya ceci birnin Fisikof, wanda sarkin Folan ya kewaye da yaƙi, uban kuwa ya ɗauki maganar tawaye ce. Ko wacce ce gaskiya, saurayin ya yi 'yan kwanaki yana jinya, ya rasu ran 19 ga Nuwamba, yana da shekara 27.

Fasali na biyu: Abin da ke cikin ɗakin

Duk wanda zai zana labari irin wannan yana da lokaci uku da zai zaɓa ciki: kafin bugun, ko sa'ad da sanda ke sama, ko bayan ta sauka. Mai neman burge 'yan kallo da sauri sai ya zaɓi na tsakiya, ya nuna azzalumi da wanda ake zalunta, kowa ya san ɓangaren da zai tsaya. Mai wannan zane, Iliya Refin, ya zaɓi na uku. Fushi ya riga ya wuce, hankali ya komo, aikin gama kuwa ya gama.

Faɗan kansa ba a nuna shi ba, amma ɗakin yana ba da labarinsa, kamar yadda mai bin sawu ke gane abin da ya faru daga burbushin ƙasa. Ga kujerar sarki ta kife a baya. Ga darduma ta tattare, ta yi tudu, alamar an yi kokawa ko an ja jiki bisanta. Ga sandar nan a yashe ƙasa, an jefar da ita. Ga kuma tabon jini bisa darduma, nesa kaɗan da inda kan saurayin yake yanzu. Mai lura zai gane cewa a can ya fara faɗuwa, uban ne ya ɗago shi ya jawo shi jikinsa.

Sa'an nan a lura da abin da babu. Ba dogari, ba bafade, ba likita, ba mai ba da shawara. Ba kambin sarauta a kan sarki, ba alkyabba mai zinariya, baƙar riga ce kawai a jikinsa irin ta masu zaman zuhudu a coci. Mutumin da dubbai ke rawar jiki in ya yi gyaran murya, ga shi durƙushe a ƙasa shi kaɗai, ba wanda zai umarta, ba wanda zai ɗora wa laifi. Bayan ɗakin duhu ne, sai wata 'yar taga mai haske marar ɗumi. Dardumomi jajaye ne, har jini da saƙa suna neman su saje, ido ya rasa inda zai huta daga ja. Haske mafi yawa yana kan mutanen biyu, kawunansu a haɗe. Da yake kuma an zana su da girman mutane na gaske, kusa da gaban surar, wanda ya tsaya gabanta sai ya ji kamar ya buɗe ƙofa ne ya faɗo cikin sirrin wani gida ba da sallama ba.

Fasali na uku: Idanu da hannaye

Sarki Iban yana da shekara 51 a lokacin, amma an zana shi kamar tsoho tukuf, ramamme, jijiyoyin gefen kansa sun tashi. Idanunsa sun firfito, farinsu ya bayyana ƙwarai. Ba ɗansa suke duba ba, ba kuma mai kallo ba, sun wuce ta kan saurayin sun tsaya ga wani wuri da babu kome. Haka idon mutum yakan zama in abin da yake gani yana cikin zuciyarsa. Jinin ɗan ya shafi fuskar uban. Bakinsa kuwa yana manne da kan saurayin, yana sumbatarsa.

Hannu ɗaya ya danne raunin, yana so ya tsai da jini, jinin kuwa yana fitowa ta tsakanin yatsu. Ɗaya hannun ya zagaye jikin saurayin ya ƙanƙame shi, kamar yadda uwa ke riƙe jinjiri in ta ga za a ƙwace mata shi. Hannayen da suka yi ɓarnar su ne ke neman gyara ta, babu kuwa wasu hannaye a ɗakin da za su taimaka.

Saurayin yana sanye da kaftani mai sheƙi, launin ja mai haske, da shuɗin wando, da korayen takalma masu ado. Tufafi ne na mai jiran gado wanda ya tashi da safe ba ya zaton kome. Jikinsa ya saki yana zamewa. Hannunsa ɗaya yana dafe da ƙasa, yana ƙoƙarin tallafe nauyinsa, ɗayan kuwa ya ɗora shi bisa ubansa a hankali, ba turewa ba ce. Fuskarsa ta yi fari, idonsa ya soma dushewa, ɗigon hawaye guda ya gangaro. Babu alamar fushi ko zargi a fuskar. Masu sharhi da yawa sun karanta wannan hannu da wannan fuska a matsayin gafara.

A nan ne tashin hankalin surar yake. Wanda aka ji wa rauni shi ne mai natsuwa, wanda babu ko ƙwarzane a jikinsa shi ne ya rushe. Runguma guda ta tara ƙauna da kisan kai. Mai kallo yana so ya la'anci tsohon, sai ya ga uba ne da ɗansa ke mutuwa a hannunsa, tausayi ya kama shi. Yana so ya tausaya masa, sai idonsa ya faɗa kan sandar da ke ƙasa. Zuciya ta rasa wurin zama tsakanin hukunci biyu, mai zanen kuma da gangan ya ƙi fitar da ita. Da ya zana Iban kamar dodo mai haƙora, da kowa ya kalla ya wuce da kwanciyar rai, yana cewa shi ba haka yake ba. Amma ya zana shi uba, kowane gida kuwa akwai uba, kowane uba kuma ya san fushi.

Daga wannan za a iya fitar da ƙa'idodi biyar na karatun irin waɗannan surori. Na farko, a tambayi wane lokaci ne na labarin aka zaɓa, domin zaɓen yana nuna manufa. Na biyu, a bi idanu a ga inda suka nufa. Na uku, a gwada hannu da fuska, gama sau da yawa hannu yana faɗin abin da fuska ke ɓoyewa, ko fuska ta ƙaryata abin da hannu ke yi. Na huɗu, a nemi kayan da suka bar wurinsu. Na biyar, a ƙidaya waɗanda ya kamata a ce suna nan amma ba su.

Fasali na huɗu: Mai zanen da zamaninsa

An haifi Iliya Refin cikin 1844 a garin Cuguyef, wanda ke cikin ƙasar Yukuren ta yau. Ya fara koyon sana'a wurin masu zanen coci, sa'an nan ya tafi babbar makarantar zane ta birnin San Fitasbag. Ya yi suna tun yana saurayi da wata sura ta 'yan ƙwadago masu jan jirgin ruwa da igiya a bakin kogin Bolga, wadda ya gama cikin 1873. Daga baya ya shiga wata ƙungiya ta masu zane waɗanda ke yawo da ayyukansu gari gari don talakawa su gani.

Abin da ya kai shi ga labarin Iban ya faru a zamaninsa ne. Cikin watan Maris na 1881 'yan juyin mulki suka kashe Sarki Iskandari na 2 da bom a titin San Fitasbag, cikin watan Afrilu kuma aka rataye mutum 5 daga cikinsu a bainar jama'a. Ƙasa ta cika da maganar jini da ramuwa. Refin ya ce a wannan shekara ya ji wani kiɗa na Rimski-Korsakof mai maganar ɗaukar fansa, ya shige shi ƙwarai. Kiɗan wani yanki ne na aikin da aka gina bisa wata hikaya ta Antara ɗan Shaddad, mawaƙin Jahiliyya wanda ɗaliban luga suka sani. Cikin 1883 kuma ya je ƙasar Sifen, wadda littattafai ke kira Andalus, ya ga wasan kashe bijimai, ya ga yadda taro ke shauƙin jini. Ya fara aikin cikin 1883, ya gama cikin 1885. Sunan da ya ba surar ya ƙunshi kwanan wata, 16 ga Nuwamba 1581, shekara 300 cif kafin shekarar da aka kashe Iskandari, masu hankali na zamanin kuwa sun lura da wannan.

Fuskokin ba daga kansa ya ƙago su ba. Don fuskar uban ya zaunar da mutane, cikinsu har da wani abokin sana'arsa, Miyasoyedof. Don fuskar ɗan ya zaunar da wani marubuci, Garshin, wanda ya yi yaƙin Rasha da Turkawa cikin 1877 aka ji masa rauni, ya komo da ciwon damuwa mai tsanani. Wannan Garshin ne cikin 1880 ya tafi gidan wani babban mai mulki yana roƙo a yi wa wani saurayi da aka yanke wa hukuncin kisa afuwa, ba a karɓi roƙonsa ba. Cikin 1888 ya faɗo da kansa daga matakalar bene, ya rasu yana da shekara 33. Ashe taushin da ke fuskar ɗan sarki na wani mutum ne na gaske wanda wahalar mutane ta fi ƙarfin zuciyarsa. Refin da kansa ya faɗa daga baya cewa akwai lokutan da tsoron abin da yake zanawa yakan kama shi, har ya juya baya ya ɓoye surar.

Fasali na biyar: Hani da wuƙa da sandar ƙarfe

An fara nuna ta a San Fitasbag cikin watan Fabrairu na 1885. Jama'a suka yi cincirindo. Wani malamin ilmin jiki ya yi suka, ya ce raunin gefen kai ba ya zubar da jini mai yawa haka. Wanda ya saye ta shi ne Fabel Tiretiyakof, attajiri ne na Masko mai fataucin yadi da masaƙu, wanda ya kashe ribar kasuwancinsa wajen tara zane-zanen ƙasarsa, har cikin 1892 ya ba birnin Masko su duka kyauta. Sunansa ne gidan yake ɗauke da shi har yau.

Amma Fobedonosef, babban mashawarcin Sarki Iskandari na 3 kuma mai kula da al'amuran coci, ya rubuta wa sarki yana ƙyamar surar. Cikin watan Afrilu aka umarci attajirin kada ya nuna ta ga kowa. Bayan wata 3 aka janye hanin, da wani mai zane na kusa da fada ya sa baki. Ba wuya a gane abin da ya dami fada. Mulkin Rasha ya dogara bisa cewa Sar uba ne ga talakawansa, ga shi an nuna Sar da jinin ɗansa a fuska, ba kwarjini, ba iko, yana rawar jiki kamar kowa.

Cikin watan Janairu na 1913 wani saurayi mai taɓin hankali, shi ma mai zanen coci ne, ya shigo gidan, ya zaro wuƙa yana ihu cewa jinin ya isa haka, ya yi wa surar yanka uku ta kan fuskokin. Mutumin da aka ba amanar kula da zane-zanen gidan ya kasa ɗaukar kunyar abin, ya faɗa gaban jirgin ƙasa ya mutu. Refin, yana da shekara 68, ya zo Masko ya sake zana kan sarkin, amma hannunsa da idonsa sun canja, launin bai dace da na dā ba. Sabon shugaban gidan, Girabar, ya goge sabon launin tun bai bushe ba, aka gyara wurin bisa hotunan da aka ɗauka tun kafin ɓarnar.

Ran 25 ga Mayu 2018, gab da a rufe gidan, wani mutum ya ɗauki ɗaya daga sandunan ƙarfen da ake kange 'yan kallo da su, ya fasa gilashin da ke kāre surar, ƙyallen ya yage wuri uku a jikin ɗan sarkin. Fuskoki da hannaye sun tsira. Ya ce surar ƙarya ce aka yi wa tarihin Rasha. Kotu ta ɗaure shi shekara 2 da rabi cikin 2019. Aka yi shekaru ana gyara, sai a ƙarshen 2024 aka mai da ita wurinta cikin akwatin gilashi mai ƙarfi.

Fasali na shida: Saɓanin masu tarihi

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba kowa ne ya yarda sarki ya kashe ɗansa ba. Wasu littattafan tarihin Rasha na zamanin sun ambaci rasuwar kawai ba su faɗi dalili ba. Masu kāre Iban suna cewa Fosebino baƙo ne, bai ga abin da idonsa ba, kuma yana da dalilin ɓata sunan sarkin da ya ƙi bin Fafaroma. Cikin 1963 aka buɗe kaburburan uban da ɗan a wata coci ta fadar Masko. Aka sami zaiba mai yawa cikin ƙasusuwansu duka biyu, abin da wasu suka fassara da guba, wasu kuma da magungunan zamanin waɗanda ake haɗawa da zaiba. Ƙoƙon kan ɗan kuwa ya riga ya ruɓe, bai nuna ko an buge shi ba. Duk da haka mafi yawan masu tarihi sun rinjayar da riwayar bugun, domin ta zo ta hanyoyi dabam dabam, na baƙi da na 'yan ƙasa.

Saboda haka ba a ɗaukar surar a matsayin shaida, gama wanda ya zana ta ya zo bayan shekara 300. Abin da ta tabbatar shi ne sanin mai zanen game da halin zuciya bayan fushi. Wannan kuwa malamai sun san shi tun daga ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu, inda wanda ya kashe ɗan'uwansa ya tsaya da gawa bai san yadda zai yi da ita ba, nadama ta rufe shi.

Abin da ya biyo bayan rasuwar kuwa babu saɓani cikinsa. Sarki ya aika da dukiya mai yawa wuraren ibadarsu don a yi wa ɗansa addu'a. Ya kuma sa aka rubuta sunayen mutum sama da 3,000 waɗanda aka kashe bisa umarninsa, aka rarraba don a riƙa yi musu addu'a su ma. Ya rasu cikin 1584. Sarauta ta faɗa hannun ɗansa Fiyodo, mutum mai rauni wanda surukinsa Boris Godunof ke riƙe masa mulki. Fiyodo ya rasu cikin 1598 bai bar magaji ba, gidan sarautar da ya yi ɗaruruwan shekaru ya ƙare. Aka shiga zamanin fitina, da yunwa mai tsanani daga 1601 zuwa 1603, da masu da'awar sarauta na ƙarya, har rundunar Folan ta zauna cikin fadar Masko. Ƙasa ba ta fara natsuwa ba sai cikin 1613, da aka naɗa gidan Romanof. Iban ya kashe dubbai don ya tsare gadon sarautarsa daga maƙiya, ga shi kuwa, in riwayar ta inganta, hannunsa ne ya yanke gadon.

Kammalawa

Masu karatu ba sarakunan Rasha ba ne, amma kowannensu yana riƙe da wata sanda. Uba yana da iko bisa 'ya'yansa, malami bisa almajiransa, maigida bisa yaran shagonsa da masu ɗaukar masa kaya. Waɗannan duka mutane ne da ba su iya ramawa, shi ya sa hannu ke saurin tashi a kansu. Wani lokaci ma sandar harshe ce, kamar saki cikin fushi, ko baki da uba ke yi wa ɗa, ko korar yaron da ya yi shekaru yana riƙe da amanar ciniki saboda kuskure guda. Shari'a ta san wannan rauni, shi ya sa aka hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, aka kuma hori mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya yi shiru, ya zauna in yana tsaye, ya yi alwala. Dukansu hanyoyi ne na jinkirta hannu har hankali ya komo.

Abin da Refin ya nuna shi ne halin wanda hankalinsa ya komo bayan hannu ya riga ya sauka. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Wanda ya ji bayanin wannan sura, in wata rana ya ɗaga hannu bisa wani na ƙasa da shi, ya tuna da tsohon nan durƙushe bisa darduma, yana danne rauni da yatsu, jini yana bi ta tsakaninsu.

Allah Ya tsare bayinsa daga sharrin fushi da nadamar da ba ta da amfani, Ya sanya tausayi a zukatan masu iko, manya da ƙanana, Ya shiryi 'ya'ya, Ya ba iyaye haƙuri. Amin.